Gurbin da Aka Bari Babu Komai

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, ƙarfe shida da kwata na yamma, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Mzee Kombo a garin Pangani da ke bakin teku. Yana alwala, matarsa Bi Mwajabu tana kankare kwakwa. Na biyu ya fasa tulu. Unguwar ta yi tsit.

A ɗaki 'yarsa Mwanahawa, mai rubuta wa kwamfuta umarni, ta yi dariya da muryar da ba tata ba.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta sha ba. Mzee Kombo yana kallon idanunta suna zurmawa. A rana ta huɗu, da la'asar sakaliya, ya kawo Shehe Mbwana.

Shehe ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa riga. Can ya ce, "Wane ne kai?"

"Tsoho, rage ihu, ba kurma ba ne ni," in ji muryar. "Aljani ne ni, maƙwabcin wata tsohuwa, Bi Time. Shekara sittin muna gida ɗaya."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Masu rushe kangwaye sun zo ƙirga mutanen kowane gida. Bi Time ta ce ba a ƙirga masu rai, sai aka bar gurbinta a takardar ƙidaya babu komai. 'Yarku mai ilimi ta koya wa na'ura ta duba ko abin da ke gurbi lamba ne. Na'ura ta ga babu komai, ta ɗauka sifili ne. Gida ba kowa ke nan. Suka rushe."

Mzee Kombo ya ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne. Ita kaɗai gare ni."

"Ita ma tsohuwa gida ɗaya gare ta. A gindin mangwaro take kwana."

"Faɗi abin da kake so ka fita," in ji Shehe.

"Akwai sauran gidaje tara da aka bar gurbinsu babu komai. Ta gyara kafin magariba. Tsohuwa kuma ta samu ɗaki. In ba haka ba, da 'yarku zan shiga teku."

Aka ɗora wa Mwanahawa kwamfutarta a cinya. Idanunta suka dawo nata. "Baba, riƙe mini hannu," ta ce. Da ɗayan hannun ta rubuta layi guda: in gurbi babu komai, kada a kira shi lamba, a koma a tambaya. Ta aika. Ladan ya gyara murya zai kira magariba.

Ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa.

Waɗanda suka rage a gidan bayan haka su ne: Mzee Kombo, Bi Mwajabu, Mwanahawa, da rai da hankalinta, da Bi Time a ɗakin baƙi, wadda babu layin da ya iya tayar mata da gidanta.