Takardar Da Babu Mai Ita

Akuya ce ta haɗa su, shi ya sa har gobe Fanne ba ta yarda a raina akuya a gabanta.

Kyalla sunanta, ja mai farin goshi. Leda ta haɗiya, cikinta ya kumbura, ta kwanta tana nishi. Fanne, malamar firamaren da yara ke tsoron harararta, ta zauna dirshan a tsakar gida tana hawaye. Mahaifinta, Alhaji Abatcha, babban dillali ne a kara, wato kasuwar shanu ta Potiskum. Shi ya aika aka kira Abdulsalam, malamin dabbobin da aka turo garin bayan an ƙirƙiro jihar Yobe.

Abdulsalam ya durƙusa yana danna cikin akuyar, ya ɗago ya dubi mai ita.

"Malama, wa zan fara dubawa, ke ko ita?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

Kyalla ta warke cikin mako. Shi kuwa likita ya ci gaba da zuwa duba ta har damina ta wuce, akuya na tsalle a kan katanga, shi yana rantsuwa bai gamsu da lafiyarta ba. Yana kiran Fanne "Uwar Kyalla", ita tana ce masa "Likitana". Magabatansa suka kawo gaisuwa, Alhaji ya karɓa da fara'a.

Ana cikin haka aka wayi gari da takardu manne a bangon kara, da tasha, da ƙofar masallaci. Da tafireta aka buga. Wai Abdulsalam ruwa yake ɗura wa shanu a maimakon magani, wai shi ya kashe wani garke a Nangere. A ƙasa an rubuta "Mai Kishin Gari", babu suna.

Ba wanda ya ga garken. Amma kowa ya san wani da ya san wani da ya gani. Makiyayan da ke layi a rumfarsa suka koma janye shanunsu idan ya tunkaro. Ofis ya ce ya ɗan dakata da allura har a bincika, binciken kuma ya kwanta barci.

"Ba zan ba da 'yata ga wanda sunansa ke jikin bango ba," in ji Alhaji. "Ga Bashir mai tireloli ya daɗe yana nema."

Abin da ya fi ƙona ran Fanne shi ne Abdulsalam ya ɗauke ƙafa. Ko sallama. Ta fara tambayar kanta ko mai gaskiya yana ɓuya, sai kuma ta ji kunyar tambayar. Ashe ita ma takardar ta shige ta.

Wata ranar aiki ƙanwarsa Ramlat, wadda suke koyarwa tare, ta zura mata kaset a jaka. Da Fanne ta koma gida ta kulle ɗaki, ta saka kaset ɗin, ta rage muryar rediyo.

"Uwar Kyalla, sallama. Ban guje ki ba. Tsoro nake kada a wayi gari sunanki ya hau bango kusa da nawa. Wallahi ban taɓa cutar dabbar kowa ba, amma ban san wanda zan rantse wa ba, tunda mai zargina ba shi da fuska. Ramlat ta ce kina zaton Bashir ne. Don Allah kada ki faɗa wa kowa. Ba mu gani ba, in muka faɗa mun zama irin mai takardar. Ina kewarki. Ki shafa min kan mara lafiyata."

Ta saurara har batir ya fara jan murya. Mutumin da aka ɓata wa suna, shi ke tsare sunan abokin takararsa a wajen nema. Nan ta daina shakka, ta kuma ji sonsa ya ƙaru fiye da da.

Da la'asar ta kai wa mahaifinta shayi, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, in tambaye ka wani abu na kara?"

"Yau kuma malaman boko ke son dillanci?"

"Idan aka kawo saniya mai kyau, mai araha, amma ba a san mai ita ba, kuma ba dillalin da ya tsaya mata, kana saye?"

"Allah ya kiyaye! Ko kyauta ce. Sai a ɗaure ta gaban Sarkin Kara, a yi cigiya. Dabbar da ba mai tsaya mata ai ta sata ce."

Ta zaro takardar daga mayafinta ta ajiye a gefen tabarma.

"To Baba, wannan wa ya tsaya mata?"

Alhaji ya dubi takardar, ya dubi 'yarsa. Shayin ya huce bai kurɓa ba.

Ranar kasuwa, mutane suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Alhaji Abatcha ya ɗaure takardar da igiya a turken da ake ɗaure ɓatattun shanu, ya sa mai shela ya zaga. Mai wannan magana ya fito ya karɓi abarsa. In gaskiya ce, Alhaji da kansa zai raka shi ofis. Wanda saniyarsa ta mutu a hannun Abdulsalam, shi ma ya fito.

Aka yi dariya da farko. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta zagayo, takarda na lilo a turke, rana ta kodar da ita. Ba wanda ya zo. Da ofis ya ji shiru ya mayar wa Abdulsalam allurarsa, Alhaji ya jawo bijiminsa mafi tsada har tsakiyar kara.

"Yi masa, yaro. Kowa ya gani."

Ba duka makiyaya suka dawo ba. Akwai waɗanda har yau in an ambaci sunansa sai su ce, "Ba shi ne wanda aka taɓa cewa...?" Mai takardar kuwa ba a san shi ba, Fanne ma ta bar neman sani.

Ranar da Abdulsalam ya dawo zance, ya rame, sai murmushin ne bai canja ba.

"Uwar Kyalla, kin san tabon nan ba zai goge duka ba?"

"Na sani, Likitana. Ni ma sai da na yi shakkarka, ka yafe min."

"Na yafe. Ai ke kika warkar da ni."

Aka taru ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, dillalai da makiyaya cike da ƙofar gida. Fanne na can ciki, lalle a hannu, Kyalla na cin gefen tabarmar 'yan biki. Da liman ya nemi waliyyin ango, sai aka ce kawunsa na hanya, motarsu ta lalace a Damagum. Aka fara 'yan kalle-kalle.

Sai muryar Alhaji Abatcha ta ratso zaure har cikin gida.

"Ƙanena ya ba da Fanne. Wannan yaron kuwa, ni na tsaya masa."

Fanne ta kifa fuska a cinyar Ramlat tana kuka, a waje kuma aka shafa fatiha, ana Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka.