Kyamarar da Ba Ta Ƙifta Ido

Shekara uku Zaharaddini, malamin kimiyya a wata sakandare a Gumel, yana ɗaukar taurari da wayarsa, abin da yake samu bai wuce ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero a baƙin zane ba. Da sabuwar kyamara ta iso daga Kano, bawan Allah ya kasa zaune ya kasa tsaye. 'Yar gwangwani ce ja mai fanka a baya. A jikin madubin hangen nesa ake ɗaura ta, ta ƙura wa wuri ɗaya ido minti biyar cur, tana tara hasken da idon mutum ba ya gani. Ya yi wa 'yarsa Muhsina alkawarin hoton Kaza da 'Ya'yanta, taurarin da kullum yake nuna mata bayan isha'i.

Fitilun gari suna dishe taurari, don haka da la'asar sakaliya ya ɗaure kaya a babur ya nufi wani kufai bayan Gagarawa Tasha. A hanya ya gamu da Ɗantsoho, wani manomi da ke komawa gida da amalanke. Da tsohon ya ji yadda na'urar ke aiki, ya ce masa ya juya ta ko'ina ban da saitin tsohuwar rijiyar kufan, don masu wurin ba sa son a ƙura musu ido. Zaharaddini ya yi godiya cikin ladabi. Sai dai mutum ne mai ɗoki, kuma ta bayan rijiyar Kaza ke fitowa.

Ya yi magariba shi kaɗai. Duhu na rufawa ya saita, ya danna, ya zauna gaban kwamfuta yana kaɗa ƙafa.

Hoton farko ya sa shi ƙwalla don murna. Ga Kaza nan cikin shuɗin hayaƙi, abin da bai taɓa gani ba. Can ƙasa, bakin rijiya, akwai wani dogon baƙin abu.

Ya san ƙa'idar aikinsa. Abin da ke wucewa ba ya fita a irin wannan hoto, sai wanda ya tsaya cak minti biyar ɗin nan.

Ya haska tocila. Ba kowa.

A hoto na biyu baƙin abin ya bar bakin rijiya. Yana tsakiyar fili, ya rufe rabin taurarin.

Gyare suka yi tsit. Fankar kaɗai ke zuuu. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci, a rijiyar da ta ƙafe tun zamanin kakanni.

Ya rufe bakin madubin da murfinsa.

Duk da haka hoto na uku ya fito. Ido ne guda, ya cika allon.

Fankar ta tsaya.

"Ka gama kallon?" Raɗa ce, a ƙeyarsa, da sanyi. "To, saura mu."

Wani abu ya ɗaga masa haɓa sama. Ya so ya ƙifta, fatar idon ta ƙi. Hawaye na zuba, yana jan Ayatul Kursiyyu harshe na harɗewa. Taurari suka riƙa mutuwa ɗai-ɗai.

Minti biyar cur.

Ana sakinsa ya faɗa kan babur, bai waiwaya ba.

Da safe Ɗantsoho ya kwaso masa kayan da ya bari a kufan. Likita ya duba ya ce idanu lafiya lau. Kuma gaskiya ne: yana karatu, yana duba takardun ɗalibai, har wata yana gani. Taurari ne kawai babu, samansa baƙi ƙirin.

Bai gaya wa kowa ba. Da Muhsina ta ja shi tsakar gida ta ce ya nuna mata Kaza, ya ɗaga yatsa inda ya saba.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, ba nan take ba," ta ce a hankali. Ta kama hannunsa ta gyara masa.