Baba Ya Tafi Ɗebo Ruwa

"Wallahi Hamma Bobboyi, in ka kawo mutumin nan gidanmu, ni da kai mun gama!"

Fadimatu ce ta faɗi haka a zauren gidan Bappanta da ke unguwar Ajiya a Jimeta. Saura kwana tara dangin Bobboyi su zo sa ranar aurensu, amma ga ta tana yi masa kallon da ake yi wa ɓarawo.

"Fadina, ki saurare ni mana..."

"Ba zan saurara ba!"

"Wata huɗu yana tura kurar ruwa a Jimeta. Ba sana'arsa ba ce, malamin makaranta ne kamar ni, sunansa Apollos. Da suka gudu daga Mubi suka hau dutse, a kwana na uku ya sauka ɗebo wa iyalinsa ruwa, harbi ya raba shi da hanya. Da ya koma bai tarar da kowa ba. Ya ce duk yaron da ke raye dole ya sha ruwa, shi ya sa yake bin gida-gida da jarka yana leƙen fuskokin yara. 'Yarsa yake nema, mai shekara shida, da tabo a girar hagu. Sunanta Hilda."

"To tamu Khadijah ce."

"Fadimatu..."

"Na ce Khadijah ce!"

Ta san ƙarya take yi, shi ma ya sani, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

A shekarar da masu bindiga suka ci Mubi ne abin ya faru. Mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan manyan motoci, wasu da ƙafa, ba takalmi ba guzuri. Fadimatu tana cikin matan unguwa da ke kai kunu tasha. A nan wata tsohuwa ta damƙa mata hannun yarinya ta ce, "Ba nawa ba ne, a hanya na tsinta. Uwar ta mutu a kan dutse." Kafin Fadimatu ta juyo da kofi, tsohuwar ta ɓace cikin jama'a.

Da aka tambayi yarinyar sunanta, sai ta runtse ido ta ce Khadijah. Bappa ya ce a bar ta a gida har a ji wani na cigiyarta. Babu wanda ya taɓa cigiyar wata Khadijah.

Yarinyar ba ta shan ruwa da kofi. Akwai wani shuɗin murfin gorar roba da take dunƙulewa a hannu ko wanka ake yi mata. Da shi take sha, murfi uku, sai ta miƙa wa na kusa da ita, ko da randa cike take a gabanta. In aka ce mata ina Babanki, amsarta ɗaya ce: "Ya tafi ɗebo ruwa."

A kwana na biyar Fadimatu ta sunkuya gyara mata ɗankwali, ta ji abin da take raɗawa kafin ta kai murfin baki. "Na gode Yesu." Fadimatu ta duba hagu ta duba dama, ba wanda ya ji, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Kar a yi saurin zagin Fadimatu. Tana da shekara bakwai ta rasa uwa, ta tashi cikin 'ya'yan Bappa, ana sonta amma ba ta taɓa samun wani abu da za ta ce nata ne ita kaɗai ba. Sai ga yarinya da ba ta cin abinci sai a hannunta, ba ta yarda kowa ya yi mata kitso sai ita, tana bin ta har ƙofar banɗaki tana kiranta Adda, Adda, wato Yaya. Son yarinyar ya kama ta, ya rufe mata ido.

Yanzu kuma zafin watan Maris ya sauka a Jimeta. Famfo ya ƙafe, mutanen gari sun kusa ninka kansu, tun asuba layin jarkoki a bohol ya kai bakin titi, mata har dambe suke a kan wuri. Duk gidan da ke da hali ya koma ga 'yan garuwa. Amma tun ranar da Fadimatu ta ji labarin wani mai ruwa da ke kallon fuskar yara, ta ce wa Bappa ruwan 'yan garuwa ƙazanta ne, kar wanda ya sake shigo musu gida. Ita da kanta take sawu huɗu da jarka a ka, har wuyanta ya daina juyawa.

"Wa ya ce maka ubanta ne?" ta ce wa Bobboyi a zauren, muryarta ta yi ƙasa. "Ba ka ji ana cewa wasu daga cikin masu bindigar can sun shigo gari sun saje da 'yan gudun hijira ba? In shi ya kashe uwarta fa? In ya zo ƙarasa ta ne fa?"

"Na zauna da shi, Fadi. Na ga idonsa."

"Ido! A ido ake gane mugu?"

"A'a. Amma ni na san naki idon, kuma na san ba wannan ne tsoronki ba."

Ta juya masa baya don kar ya ga hawayen.

"Ina sonki fiye da yadda bakina zai iya faɗi," in ji shi a hankali. "Amma ba zan iya cin tuwon aurenmu ba alhali wani bawan Allah yana wucewa ta ƙofar nan kullum yana neman abin da ke cikin ɗakinki. Gobe da hantsi zan zo da shi. In kin rabu da ni a kan haka, zan yi kuka, amma zan zo da shi."

Ya sa takalminsa ya fita. Bai waiwayo ba, ita kuma ba ta kira shi ba.

Washegari rana na fitowa ta ɗaure kayan yarinyar a ɗankwali, ta ce wa mutanen gida za ta gaida Goggonta a Girei. Can dai ba mai ruwan da zai bi su. Ta riƙe hannun Khadijah gam kamar za a fizge ta, duk kurar ruwan da suka hanga sai ta ja ta su tsallaka titi. Sai da suka shiga motar haya ta iya sauke numfashi.

Ta manta da shingen sojoji na bakin gada.

Direba ya tsaya ya ce kowa ya sauka ya wuce da ƙafa, haka ake yi a lokacin. Tun da yarinyar ta hango kakin da bindigogi, hannunta ya yi sanyi ƙalau a cikin na Fadimatu. Tafiya take amma ƙafafunta ba sa ɗagawa sosai.

Wani soja mai furfura a gemu ya gan ta. Ba da mugunta ba, wallahi, murmushi ma yake yi. Ya ɗan rusuna ya ce, "Ƙaramin madam, yaya sunanka?"

Yarinyar ta saki hannun Fadimatu. Ta zube a kan kwalta mai zafi, ta ɗaga hannuwanta biyu sama, murfin nan a dunƙule a ɗaya.

"Khadijah! Khadijah ne! Sunana Khadijah, kar ka harbe ni! Mama ta ce Khadijah... wallahi Khadijah!"

Fitsari ya biyo ƙafarta ya jiƙa siket ɗin. Sojan ya ja da baya, ya mayar da bindigarsa bayansa, yana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ɗauke shi don Allah."

Fadimatu ta sure ta. Jikin yarinyar na kaɗawa a ƙirjinta, har haƙoranta na haɗuwa, ba ta daina maimaita sunan ba. A nan tsaye a bakin gada, kogin Binuwai a ƙasansu ya janye ya bar yashi fari fat, Fadimatu ta gane abin da ta yi. Uwa ce ta koya wa 'yarta wannan suna don masu bindiga su ƙyale ta. Wata huɗu ke nan ita kuma tana kiranta da shi safe da yamma, tana jin daɗinsa a baki, yarinyar tana amsawa saboda har yanzu ba ta san an daina gudu ba.

Tsoron da ya kama ta yanzu ya fi na jiya. Da ta haye gadar nan, sai yarinyar ta girma tana ɓoye a cikin sunan, tana jiran ruwan da ita Fadimatu ta hana a shigo da shi.

"Hajiya, za ki shiga ko mu tafi?" direba ya ɗaga murya.

"Ku tafi," ta ce.

Da hantsi ya yi suka iso Ajiya, yarinyar na goye a bayanta. Tun daga kan kwana ta hango kurar ruwa a ƙofar gidansu, da Bobboyi tsaye a rana. Kusa da shi wani dogon mutum ne ramamme, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya riƙe hularsa da hannu biyu. Ƙafafun Fadimatu suka ce ta juya. Ta cije leɓe ta ci gaba.

Bobboyi ya dubi ƙunshin kayan da ke hannunta, ya gane komai.

Ta kwance zanin ta sauke yarinyar. Mutumin ya yi wani irin sauti a maƙoshi, hular ta faɗi.

"Hilda..."

Yarinyar ta ruga bayan Fadimatu ta ƙanƙame zaninta. "Khadijah ne," ta ce da ƙaramar murya.

Ga ƙofa a buɗe wa Fadimatu, in tana so. Kalma ɗaya za ta faɗa, ta ce kun gani, ba ta san shi ba, ta shige gida da abarta. Mutumin ya rame, gemu ya cinye masa fuska, ba mai ganin laifin yarinya don ba ta gane shi ba. Ta ji idon Bobboyi a kanta.

Sai ta durƙusa. Ta buɗe ɗan hannun nan a hankali, yatsa bayan yatsa, ta ciro shuɗin murfin, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙa wa mutumin.

"Da wannan take sha," ta ce. "Kullum cewa take ka tafi ɗebo ruwa."

Apollos ya dubi murfin a tafin hannunsa da turin kura ya sa ya yi kanta. Ya juya ga kurarsa, ya karkata jarka ɗaya, har ruwan ya zuba a ƙafarsa kafin murfin ya cika. Ya durƙusa a ƙasa.

"Uku naka, uku na Mama, uku na Baba," ya ce. "Kar ka zubar."

Yarinyar ta leƙo. Ta dubi murfin, ta dubi jarkoki goma sha biyu da ke jere a kura, ta daɗe tana duban fuskarsa.

"Baba... ka kawo ruwan?"

"Na kawo, Hilda. Na kawo. Na daɗe ne kawai."

Ta tako ta karɓa da hannu biyu, ta shanye. Sannan ta ce, "Mama ta jira ka. Ta ba ni nata ukun, sai ta yi barci, ba ta tashi ba."

Mutumin ya kifa goshinsa a ƙasa. "Edna!" ya kira sunan matarsa, ya fashe da kuka irin wanda Fadimatu ba ta taɓa jin namiji ya yi ba. Yarinyar ta faɗa jikinsa, ya rungume ta, maƙwabta suka firfito suka tsaya cirko-cirko ana ta salati.

Fadimatu ta jingina da bango. Da Apollos ya ɗago zai yi mata godiya, ta girgiza kai.

"Kar ka gode mini, Malam. Na ji labarinka tun tuni. Ni na hana ka shigowa gidan nan. Ka yafe mini."

Ya dube ta, ya dubi kitson da ke kan 'yarsa da kumatunta da suka ciko. "Na tarar da shi da rai," ya ce. "Me zan yafe kuma?"

Ya ce a harabar wani coci yake kwana tare da mutanen garinsu, can zai kai ta, akwai ƙanwar uwarta da ta kusa makancewa da kuka. Fadimatu ta miƙa ƙunshin kayan da ta ɗaure don gudu. Bobboyi ya naɗe hannun rigarsa ya kama kurar, ya ce shi zai tura, Malam ya ɗauki 'yarsa.

Har sun juya, yarinyar ta zame daga hannun ubanta. Ta cika murfin da kanta, ta kawo shi a hankali kar ya zuba.

"Adda, sha."

Fadimatu ta sha, hawaye na bin murfin.

Yarinyar ta jawo kunnenta ta raɗa, "Adda, sunana Hilda. Mama ta ce kar in faɗa sai Baba ya dawo."

"Hilda," Fadimatu ta ce. Karo na farko ke nan, kuma ta ga fuskar yarinyar ta saki da wani murmushin da ba ta taɓa samu ba a wata huɗu.

Hilda ta dunƙule mata murfin a hannu ta ruga wajen ubanta.

Bobboyi ya tsaya da kurar ya waiwayo. "Fadina... jiya kin ce mun gama."

"Ka dai dawo, Hamma," ta ce tana share fuska. "Ka dawo ka gaya mini inda take kwana, da ko akwai ruwa a wurin."

"Zan dawo. Ranar Lahadi kuma da yamma ni zan kai ki."

Ta gyaɗa kai. Ta tsaya a ƙofar gida tana jin ƙarar tayar kurar har ta ɓace a kan kwana, Hilda a kafaɗar ubanta tana ɗaga mata hannu. Sannan ta buɗe tafinta ta dubi murfin. Har yanzu da ɗumin hannun yarinyar a jikinsa.