Ranar da Gwangwani Ta Faɗi

Hannunsa ta fara sani kafin fuskarsa.

A cikin kwalkwalin Brindle, mutum-mutumin ƙarfen nan na shirin talabijin mai suna Tashar Ƙarshe, Hazel Tranter ba ta ganin duniya sai ta wata 'yar tsaga. Shi ya sa a taron masoya shirin da ake yi duk shekara a wani otal a garin Telford, mai irin wannan shiga ba ya motsi sai da ɗan jagora. Nata jagoran mahaifinta ne, Des, ya kuwa tafi sayo shayi ya bar ta jikin bango. Sai ga jama'a sun ɓarko daga babban zaure, ana gogar ta hagu da dama. Ta ƙara mannewa da bangon.

"Sannu, Gwangwani," wata murya ta ce. "Irin wannan kakkarwa, ai sai kusoshinki su zube. Kawo hannunki."

Ya ja ta a hankali zuwa wani lungu, ya taya ta cire kwalkwalin. Ta ɗago ta ga saurayi mai gashi buzu-buzu har kafaɗa, da baƙar rigar fata, da murmushin da ya fi ƙarfin fuskarsa. Ya ce sunansa Rowan Baggott, kanikancin babura yake yi a Dudley, kuma abu biyu ne suka hana shi tara abin duniya: shirin nan da kiɗan rok.

Da jin kalmar ƙarshe gabanta ya faɗi.

Shekarun baya ta bi yayanta Gareth wajen wani wasan rok. Taro ya turo, hannunsa ya suɓuce daga nata, ya faɗi ƙarƙashin ƙafafu, bai sake tashi ba. Tun daga ranar Hazel ba ta shiga bas in ta cika, ba ta zuwa kasuwa ranar Asabar. A cikin ɓawon Brindle kaɗai, wanda ita da Des suka ƙera a gareji, take iya tsayuwa cikin mutane. Duk da haka ta ba Rowan lambarta, don zuciya ba ta neman izinin kowa.

"Gwangwanina, kin sha man inji yau? In ba ki sha ba, akwai kifi da dankali a bakin kogi, ba kowa sai agwagi," Rowan ya rubuto mata.

"Buzu-buzu, in ka taje kanka zan zo."

"To mun rabu ke nan. Ƙarfe biyar?"

Haka suka cinye bazara a bakin ruwa, suna gardama kan ko kyaftin ɗin Tashar Ƙarshe ya mutu da gaske ko marubutan ne suka rasa abin yi. Ba ta taɓa gaya masa labarin Gareth ba. Tsoro take ji kada ya zaɓi kiɗansa, tana kuma tsoron ya bar shi dominta ya dawo yana ƙullace da ita.

Des kuwa kallo ɗaya ya yi wa rigar fatar ya yi kicin-kicin da fuska.

"Irinsu ne suka tattake min ɗa suna tsalle. Ba a gidana ba, Hazel."

"Baba, ba shi ba ne."

"Duk ɗaya ne. Ga Neville nan, yaro mai hankali, me ya rasa?"

Neville shi ne sakataren ƙungiyar masoya shirin, mai yawo da kakin kyaftin a goge ƙal. Bai rasa komai ba, in ka cire daɗin zama.

Ana cikin haka Rowan, da bai san dawan garin ba, ya turo mata hoton tikiti biyu na wasan rok. "Layin gaba, ni da ke. Kada ki ji komai."

Ta kira shi tana kuka, ta kwashe labarin duka ta faɗa masa. Sai ya yi katoɓarar da mai son kare abin da yake so kan yi.

"Hazel, a wurinmu fa duk wanda ya faɗi ɗaga shi ake yi. Doka ce."

"Ba a ɗaga Gareth ba," ta ce, ta kashe wayar.

Saƙonsa ya shigo daga baya: "Na yi wauta. Ba zan dame ki ba. Amma hannuna na nan." Ta karanta har ta haddace, ba ta amsa ba.

Da taron shekara ya zagayo, Des ya damƙa ta a hannun Neville, shi kuma ya hau bene don ya ɗauki hoton gasar shiga. Zauren ya cika maƙil. Hazel na cikin layi tana jin numfashinta yana dawo mata da zafi, sai ƙararrawar gobara ta ɓarke.

Aka yi ƙofa gaba ɗaya. Kyaftin Neville ya saki hannunta ya ranta a na kare, har da tsallake kujera. Wani ya bangaje ta, ta tafi rigingine. Brindle kuwa ba a ƙera shi don tashi ba. In ya faɗi, sai ya zama kamar kunkurun da aka birkice. Kwalkwalin ya juya, tsagar ta koma bayan kunne, duhu ya rufe ta. Takalmi ya daki haƙarƙarinta, wani ya taka yatsunta. Ta buɗe baki ta yi ihu, ƙarfen ya haɗiye ihun. Daga can sama tana jin muryar mahaifinta tana tsagewa da kiran sunanta, ta san ba zai iso ba. Ashe haka Gareth ya ji. Ta miƙa hannu cikin duhu, babu kowa.

"An faɗi! An faɗi a nan! Ku buɗe!"

Ta san muryar. Sai ta ji duka ya tsaya cak. Hannuwa suka kama kafaɗunta, aka tsayar da ita, aka zare kwalkwalin.

Ƙartai ne masu gemu da zanen jiki, abokan Rowan na wasan rok da suka rako shi taron, har da wata mata mai koren gashi. Sun saƙale hannuwa sun zagaye ta, sun ba taron baya. Ana turo su suna turjewa, jijiyoyin wuyansu sun fito, amma ba wanda ya saki na kusa da shi. A tsakiya Rowan ne riƙe da ita, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ina nan, Gwangwani. Kalle ni. Ja numfashi."

"Kada ka sake ni."

"Sai dai a yanke hannun."

Gobarar ma ashe burodi ne ya ƙone a kicin. A filin ajiye motoci Des ya iso ƙafarsa ɗaya ba takalmi, ya rungume 'yarsa. Sannan ya dubi ƙartan nan.

"Wa ya koya muku wannan?"

"Ba wanda ya koya mana, yallaɓai," in ji mai koren gashi. "Duk mun taɓa faɗuwa."

Des ya juya ga Rowan. "Da kuna wurin ranar nan..."

"Wataƙila da ba mu gan shi ba," Rowan ya ce a hankali. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wanda duk muka gani, ba ma wucewa."

Dattijon ya rufe fuska ya yi kukan da ya daɗe yana binsa bashi.

An ɗaura auren Hazel da Rowan a ofishin rajista na Dudley, aka yi liyafa a zauren unguwa. Brindle na tsaye bakin ƙofa, an rataya masa fure. Da makaɗa suka saki jita, mutane suka cika fili, Hazel ta tsaya a gefe cikin farar riga, babu ƙarfe, babu kwalkwali. Tsoron bai tafi ba, kuma ba ta yi kamar ya tafi ba.

"In ba ki so, mu zauna mu ci kek," Rowan ya raɗa mata.

"Ina so, Buzu-buzu. Kai dai riƙe."

Ta taka zuwa tsakiya. Abokan suka saƙale hannuwa suka zagaye su, sai ta ga gurbi ɗaya a buɗe. Des ya tuɓe kwat ɗinsa, ya miƙa wa Neville ya riƙe masa, ya shiga ya cike gurbin.

"Allah ya yi muku albarka," ya ɗaga murya sama da kiɗan. "Yi rawarki, 'yata. In kin faɗi, muna nan."