Yatsun Da Ba Su Sha Lalle Ba

"Tsoma mana, Salma! Zafin ma ba ya daɗewa."

Kubura ce ta turo mani kwanon ruwan batir. Ɗiyar ƙanwar surukata ce, tun daga Kankia ta ɗauko shi har Mawashi, wai tausayina ya hana ta sukuni.

"In zanen yatsun ya goge, na'urarsu ba ta gane ki. Sai sabon fasfo, sabon suna, ki koma wa mijinki."

Na zuba wa yatsuna ido. Su aka dangwala ranar da 'yan sanda suka tare ni a Madina, izinin zamana ya ƙare. Aka sako ni a jirgi, aka ce kar in sake taka ƙasar sai wa'adi ya cika. Mijina Zahradeen yana can yana karatu, ni ina nan wajen mahaifiyarsa Inno, damina uku ke nan.

Wallahi na gaji, kewarsa ta cinye ni!

"Bari in faɗa mashi tukuna..."

Caraf ta riƙe mani hannu.

"Ke! Kar ki kira shi!"

Na kalle ta. In alheri ne, me ya kawo ɓoyo? Na fizge na danna kira, na saki muryar kowa ya ji, na faɗa mashi abin da Kubura ta kawo.

"Innalillahi! Habibti, janye hannunki!" in ji Zahradeen. "Duk wanda suka kama da ƙonannun yatsu, shi da ƙasar har abada. Kubura ta sani, ai haka aka yi wa yayanta!"

Na waiwaya.

Ashe Inno na tsaye a bakin ƙofa. Ita da kullum take mashi waya ya haƙura da ni ya auri Kubura, tunda tsakanina da shi sai hoto.

Ta kalli kwanon, ta kalli Kubura.

"Ashe macijiya nake shirin kai wa ɗana? Ɗauki tsiyarki ki bar mani gida!"

Ta juyo gare ni idonta jawur.

"Yafe mani, 'yar nan."

Na faɗa jikinta ina kuka.

"Saura ƙiris, Hasken idona," in ji Zahradeen ta waya. "Ba ofishin da ban shiga ba a kanki. Da sunanki za ki dawo, da yatsunki goma."

Bayan an yanke gero wa'adin ya cika, sai ga shi da kansa da bizata. Ya rame, amma murmushin yana nan. Na rasa inda zan sa kaina don kunya da daɗi.

Inno da hannunta ta yi mani lallen tafiya, ta bar kan yatsun fari fes.

"Kar su ce ba su ga zane ba," ta ce tana share ƙwalla.

A filin jirgin Madina na isa gaban jami'in duba fasfo. Na ɗora yatsa a gilashin na'urar.

Koriyar fitila!

Jami'in ya buga hatimi ya miƙo mani fasfo.

Muna isa gida Zahradeen ya zaro wani ƙulli daga jakarsa, ya kwaɓa a murfin kwano.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Saƙon Inno. Ta ce in ƙarasa mata aikinta."

Ya kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana dangwala masu lalle, duk ya ɓata mani hannu.

Ban hana shi ba.