Muryar Umma a Cikin Kiɗa

Auta na tsaye a falo tana goge wa Baba riga, sai ga Yaya ta faɗo ko sallama babu, waya a hannu.

"Ajiye dutsen gugar nan ki saurara. Aikin saurayinki ne."

Saurayin dai shi ne Dogo, mai haɗa kiɗan rawa a kwamfuta, DJ ɗin da matasa ke rububin wasansa. Saura wata biyu a ɗaura musu aure. Auta ta yi murmushi, a zatonta tsokanar Yaya ce ta yau da kullum. Kiɗa ya tashi, dum-dum-dum, sai ya lafa, wata murya ta ratso tana 'yar waƙa a hankali, sannan ta ce, "Auta, zo ki zura min zaren nan."

Muryar Umma ce. Umma da ta rasu shekara uku da suka wuce.

Auta ta sandare. An yayyanka maganar, ana ta maimaita "zo ki, zo ki, zo ki" a kan kiɗan, ga bidiyon samari da 'yan mata suna tsalle a kai. Sai da rigar ta fara ƙauri sannan ta tuna da guga.

Ƙarar faɗuwar kofi suka ji. Baba ne a bakin ƙofar ɗakinsa, yana waige-waige kamar mai neman wani.

"Wa ya yi magana yanzu?"

Ya karɓi wayar ya kalla, ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe.

"Matata ake taka wa rawa? A ina Dogo ya samu?"

"Ni na tura masa, Baba," in ji Auta, hawaye na zuba. "Tun tana raye na ɗauka, tana ɗinki. Ya ce yana so ya ji muryar surukarsa da bai taɓa gani ba. Wallahi ban san zai..."

"Ki gaya masa na fasa. Ko ƙofar gidan nan kar ya sake takowa."

Ko mayafin kirki ba ta tsaya nema ba, ta nufi situdiyon Dogo, inda yake haɗa kiɗa. Ɗan ɗaki ne da aka lilliƙa wa soso a bango, sifiku biyu manya, wayoyin lantarki a ƙasa kamar su harɗe mutum. Dogo ya cire abin sauraron kiɗa daga kunne ya taso, baki har kunne, bawan Allah ko fuskarta bai duba ba.

"Kin ji? Safirayis ɗinki ke nan, kyautar ba-zata! Mako uku na yi ina cire ƙarar keken ɗinki da ta fanka, har muryar ta fito tas. Mutum miliyan sun saurara cikin kwana huɗu. Wani kamfanin waƙa ya kira, za su kai ni ƙasashe shida in yi wasa."

"Na ba ka ka ji ne, Dogo. Ban ba ka ka raba wa duniya ba. Baba ya ce ya fasa."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba. A hankali ya zame ya zauna.

"Ya fasa me?"

"Auren."

Kai, ranar Dogo ya ga tashin hankali. Shi duk a tunaninsa karramawa ya yi. A sana'arsu, kowane sauti ka ji ya yi maka, ka ɗauka ka yanka ka ɗora a kan kiɗa, ko tsayawa tambayar na wane ne ba a yi. Ya riƙe kai. Da ya ɗago, ya jawo kwamfutar.

"In na sauke waƙar, na cire ta daga intanet, kamfani zai janye. Shekara tara nake jiran kiran nan."

"Ban ce ka sauke ba. Kuma ko ka sauke, ban yi maka alkawarin Baba zai huce ba."

Ya sauke ta a gabanta.

Kamfani kuwa ya janye a ranar. Abokan aiki suka ce ya haukace. Dogo ya koma kiɗa a ƙananan wurare, da rana kuma ya zauna yana bin duk shafin da ya kwafi waƙar, yana roƙo ɗaya bayan ɗaya a goge. Gidan su Auta bai taka ba, tunda an hana shi, saƙon ban haƙuri dai yake aikawa ta hannun Yaya, Baba ko buɗewa ba ya yi. Auta ta rame, ta sha kuka a ɓoye, amma ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba. Haka aka ci wata bakwai.

Wata safiya Baba ya ce ta raka shi unguwa. Da ta ga mota ta tsaya a ƙofar situdiyo, ta juyo ta kalli Baba da mamaki. Dogo ma da ya gan su sai da ya ture kujera garin durƙusawa.

Baba ya ƙi zama. Ya kalli sifikun, sannan ya yi magana.

"Na sa Auta ta kunna min muryar da ta ɗauka, keken ɗinki kawai nake ji. Naka kuma, da yayarta ta ajiye a waya, kiɗa ya cika shi. Kullum sai na saurara, in ba ku sani ba." Ya juya ga Dogo. "Kai yaro, za ka iya cire min kiɗan?"

Auta ta dafe baki. Baba ne ke sauraron waƙar nan a ɓoye duk watannin nan?

Dogo ya danna nan, ya danna can, kiɗa ya ɗauke. Umma ta cika ɗakin ita kaɗai, tana 'yar waƙarta, har numfashinta ana ji. Baba ya lalubi kujera ya zauna, ya yi kuka irin wanda 'ya'yansa ba su ga ya yi ba ko ranar rasuwar Umma. Sau uku ya sa aka maimaita.

Da ya share ido, ya ce, "Wannan tawa ce. Ba mai ji sai mutanen gidana."

"Na yi alkawari, Baba."

"Ka riga ka ji, ai. Sai ka turo manyanka mu sake sa rana, ka zama ɗan gida."

Don haka, 'yan uwana matasa, abin da masoyi ya ba ka a asirce amana ce, kar daɗin suna ya sa ka fitar da shi ba da izini ba. In kuma ka yi kuskure, ka gyara ko da zai ci maka abin da ka fi so, sannan ka yi haƙuri ka jira. Dogo ya rasa ƙasashe shida, amma Auta na ɗakinsa.