Kwana Biyar Na Jinyar Kaka

Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya a safiyar wata Jumma'a lokacin da Auta ta iso ƙofar kamfanin ɗinkin da take aiki, ta jiƙe sharkaf, idanunta sun yi ja saboda wahalar jinya. Tana sa ƙafa maigadi ya tare ta, ya miƙo mata wata farar takarda yana kau da kai don kada su haɗa ido. "Yi haƙuri 'yata, an ce kada in bar ki ki shiga... wallahi ba da son raina ba ne." Ta buɗe takardar. An sallame ta! Wai ta yi kwana uku ba ta zo aiki ba babu izini, dokar kamfani kuwa ta ce duk wanda ya yi haka ya kori kansa. A ƙasan takardar ga sa hannun shugabar sashensu, wadda ba kowa ba ce face Gwaggo, ƙanwar mahaifinta uwa ɗaya uba ɗaya.

Allah sarki marainiya! Tun Auta na shekara tara iyayenta suka rasu, kakarta ta wajen uwa ce ta raine ta a wani ɗan ɗaki mai yoyo, yanzu kuma da aikin nan take riƙe da tsohuwar. Da aka yi wa Kaka aikin ido, sai Auta ta nemi hutun kwana biyar daga ranar Alhamis, domin ana ɗiga mata magani sau shida a rana. Gwaggo ta sa hannu a takardar hutun, amma ta bar gurbin ranar dawowa babu komai, ta ce, "Ai kin yi makaranta, ki ƙirga da kanki." Auta ta juya bayan takardar ta ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa kwanakin aiki kaɗai ake ƙirgawa. To Asabar da Lahadi ba a aiki, Litinin ɗin kuma ta faɗo hutun gwamnati, don haka Alhamis, Jumma'a, Talata, Laraba da wata Alhamis ɗin su ne biyar ɗinta. Gwaggo kuwa ta cusa Asabar da Lahadi da Litinin a ciki, ta kai rahoto ofis cewa tun Talata ya kamata yarinyar ta dawo. Ba komai ya sa ta wannan mugun abu ba sai 'yarta da ke zaune a gida babu aiki, ta daɗe tana yi mata kwaɗayin keken ɗinkin da Auta ke aiki a kai. Da gaskiyar masu iya magana, naka shi ke ba da kai.

Auta ta tsaya cikin ruwa har Gwaggo ta iso da lemarta. Auta ta durƙusa a kan laka ta ce, "Gwaggo, don girman Allah, don darajar mahaifina... ki duba bayan takardar nan. Idan na rasa aikin nan wa zai riƙe Kaka?"

"Ni za ki koya wa doka? Shekara goma sha biyu ina riƙe da sashen nan! Tashi min daga hanya, mai baƙin naci kamar uwarta."

A gida ma babu damar kuka, domin likita ya ce kada a bar Kaka ta zubar da hawaye, ɗinkin idon zai iya lalacewa. Sai Auta ta shiga bayan gida ta toshe baki da gefen mayafi ta yi mai isarta, ta wanke fuska ta fito tana murmushi. Amma Gwaggo ba ta bar su haka ba! Ranar Asabar ta yi takakkiya har ɗakin ta ce wa tsohuwar, "Jikarki ta yi wasa da aiki an kore ta, kada kowa ya zo min ban-baki." Kaka ta lalubo hannun Auta tana cewa, "Ni na jawo miki, 'yar nan... da na sani da na zauna da makantata." Auta ta rungume ta tana roƙon ta da ta yi shiru, a zuciyarta tana cewa, ya Allah, ba ni da kowa sai kai.

Ranar Litinin ta koma bakin ƙofar kamfanin ta tsaya, Talata ma haka, rana na dukanta, tana riƙe da takardar hutunta a cikin leda. Doguwa, wadda kekenta ke kusa da na Auta, ita ke fitowa lokacin cin abinci ta raba mata nata tana mita. "Ke dai sanyinki ya yi yawa, ni ce da tuni an ji mu a titi." Ranar Laraba motar Manaja ta tsaya a ƙofar, dattijo ne mai furfura wanda ba ya son hayaniya. Ya sauke gilashi ya ce, "Yarinya, kwana uku ke nan ina ganin ki a nan, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo yi ba. So nake kawai a karanta bayan takardar nan a gabana. In ni ce da laifi, zan tafi ba za a sake ganina ba."

Ba a yi rabin sa'a ba aka tara su a ofis: Auta, Gwaggo da akawun ma'aikata, sauran matan kuma suka yi cirko-cirko a bakin taga. Gwaggo ta gyara ɗauri ta ce, "Ranka ya daɗe, a sashena kwana kwana ne. Asabar kwana ce, Lahadi kwana ce, haka nake ƙirga wa kowa."

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa, ni ba na son kai!"

Manaja ya sa akawu ya ɗauko fayil ɗin Gwaggo, ya buɗe a nitse. "Watan jiya kin ɗauki hutun kwana goma, kin tafi Litinin, ba ki dawo ba sai bayan mako biyu cur. Da ƙirgenki, kwana nawa kika yi babu izini?" Gumi ya karyo wa Gwaggo, ta shiga kame-kame. "Ai... ai ni da kwanakin aiki na ƙirga..." Daga taga Doguwa ta rangaɗa guɗa! "Ashe kin san dokar! Shekarata shida a nan kina cinye mana Asabar da Lahadi, muna dawowa da jego ɗanye muna yi miki godiya!"

Nan take Manaja ya yaga takardar korar a gaban kowa, akawu ya sha faɗan rashin duba aiki, aka kuma ba da umarnin a mayar wa kowace ma'aikaciya kwanakin da aka danne mata. Doguwa kaɗai ta tashi da kwana goma sha ɗaya. Gwaggo kuwa aka ce ta ajiye makullan sashen ta kama gabanta. Mata suka ɗaga Auta sama suna kuka suna dariya, ita ko sai faɗi take, "Alhamdu lillahi... Allah na gode maka!"

A bakin ƙofa Gwaggo ta riƙo gefen mayafinta, murya ta yi laushi. "Auta, 'yar yayana ce ke fa... ki roƙar min Manaja, ke zai saurara."

Auta ta dube ta da hawaye a fuska ta ce, "Gwaggo, nawa na yafe miki duniya da lahira, saboda mahaifina. Amma kwanakin matan nan ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe su." Ta zare mayafinta a hankali ta koma ciki, matan suka buɗa mata hanya har gaban kekenta. Wanda ya riƙe haƙuri da gaskiya tare, ko an jima Allah zai share masa hawaye a gaban waɗanda suka sa shi kuka.